Makulli a Aljihun Hagu

Baffa: Alo? Alo? Wa ke magana?

Injiniya: Salamu alaikum, Baffa. Ni ce.

Baffa: Wa'alaikumus salam. Ke ce wa? Ɗaga murya, kin san kunnen nan nawa ya riga ni yin ritaya.

Injiniya: 'Yar yayanka ce, Baffa. Ina wuni?

Baffa: A'a! Injiniya! Yau wace rana? Lafiya lau. Ya gida? Ya maigidan naki? Ya yara?

Injiniya: Duk lafiya. Ya ƙafar?

Baffa: Ƙafa tana nan tana mulki. In ta ce a zauna, a zauna. Ya ɗinki? Har yanzu kina hana maƙwabta barcin rana da keken nan?

Injiniya: Ɗinki alhamdu lillahi. Ya Inna?

Baffa: Ga ta can tana faɗa da kaji. Ya ƙaninki Auta? Ya yi hankali ko har yanzu?

Injiniya: Yana nan.

Baffa: To madalla. Ya jikin Yaya?

Injiniya: Da sauƙi.

Baffa: Wannan "da sauƙi" taki ba ta da gishiri. Injiniya, kuka kike yi?

Injiniya: Baffa, don Allah ka bar kirana da sunan nan. Wanda ya sa mini shi ya manta shi. Jiya "baiwar Allah" ya ce mini. A gidanmu, a ɗakin da aka haife ni, ya ce baiwar Allah wa kike nema.

Baffa: Inna lillahi. Ai ni ma da na kira shi kwanaki, cewa ya yi, malam ka yi kuskuren lamba. Ni da muka sha nono ɗaya. Sai haƙuri, 'yata, ciwon mantuwa haka yake.

Injiniya: Ba shi ne ya sa na kira ba. Baba ya daina cin abinci.

Baffa: Ya daina me?

Injiniya: Abinci! Ya rufe baki gam. Ruwa ma sai an yi da gaske. Likita ya zo da safe, ya ce in gobe ta yi bai ci ba, za su kwantar da shi su zura masa roba ta hanci. Baffa, ka san Baba da asibiti. Wancan karon sai da suka ɗaure masa hannu a gado. Wallahi in suka sake ɗaure shi ba zai fito da rai ba, ni na sani.

Baffa: Subhanallahi. To me zan yi daga nan, ga ƙafa ga nisa?

Injiniya: Ka gaya mini yadda ake ta da motarsa ba makulli.

Baffa: Yadda ake me? Layin nan yana cin maganarki.

Injiniya: Ta da mota! Ba makulli! Wace waya ake haɗawa da wace?

Baffa: Ikon Allah. Uba ba ya cin abinci, 'ya tana koyon satar mota. Ke, bi ni a hankali. Wace motar? Tsohuwar koriyar nan da ta girme ki?

Injiniya: Ita. Baffa, ita ce maganinsa. Tun da ciwon ya yi ƙarfi, kullum da yamma Auta yake tuƙa mu, Baba a gaba. In muka hau babban titi aka danna giyar nan ta ƙarshe, injin ya sassauta murya, sai ka ga Baba ya dawo. Ya gyara zama, ya ce Auta rage totur, ya juyo ya ce Injiniya kin ji yadda take numfashi? In mun dawo gida ya cinye kwanonsa tas, har ya nemi ƙari.

Baffa: Giyar hutu. Obadaraif ke nan, ƙaramin giyabos ɗin da ke goye a bayan babban. Yaya ne ya raɗa mata suna giyar hutu, wai inji ma ɗan adam ne.

Injiniya: To ita ta mutu. Muna kan hanya ta yi wata ƙara, da jan igiya muka dawo. Tun ranar yake zaune a bakin gareji yana kallon motar. Daga rage ci, har ya kai ga rufe baki.

Baffa: Ai ba a samun ta yanzu. Kamfanin da ke yin ta ma ya daɗe da shiga kabari.

Injiniya: Na samu ta hannu. Wajen 'yan gwangwan, a jikin wata irin tamu da ta ruɓe kaji na ƙwai a ciki. Bakanike uku na kai wa, kowa ya leƙa ya ce bai san ta ba. Sai na rufe shago, na shimfiɗa ta a teburin Baba, na kwance ta da kaina.

Baffa: Ke? Ke kika buɗe giyar hutu? 'Yata, wannan fa ba keken ɗinki ba ce.

Injiniya: Wa ya yi ta miƙa muku sifana ina 'yar ƙarama? Na haɗa ta, Baffa. Ni da Auta mun ɗora ta ɗazu, mun zuba mai. Makulli kawai ya rage.

Baffa: Tsaya. Kafin in koya miki sata, sai na yi miki tambayoyi. Da kika zubar da tsohon man da ke cikinta, wane launi ne?

Injiniya: Baffa, katina ba yawa.

Baffa: Wane launi?

Injiniya: Baƙi, amma ba ya warin ƙuna.

Baffa: Rariyar da ke ƙasa fa? Da maganaɗisun da ke kusa da ita?

Injiniya: Na wanke rariya da kananzir. Maganaɗisun ya kama garin ƙarfe, laushi kamar kwalli.

Baffa: Gari kawai? Ba ɓarɓashi mai kaifi?

Injiniya: Akwai ɗan guda biyu haka. Ƙanana.

Baffa: Hmm. Fatar kuloci, wadda ke jikin abin nan mai kama da mazurari?

Injiniya: Da kaurinta. Ba ta ɓare ba, ba ta yi sheƙi ba.

Baffa: Famfon mai?

Injiniya: Na danna shi da yatsa, yana dawowa. Na sa sababbin robobi, na yanka gaskit da almakashina.

Baffa: Ƙwayoyin ƙarfen nan da ke barin shaf, wato sandar tsakiya, ya juya gefe ɗaya kawai? Mutane da yawa a nan suke faɗawa rami.

Injiniya: Na yi wa kejin da ke riƙe su alama da alli kafin in cire. Yadda na same su haka na mayar.

Baffa: Kai! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wallahi 'yar ubanki ce ke. To kin ji kukansu?

Injiniya: Kukan wa?

Baffa: Ƙarafan. Giyoyi, fil, zobba. Kin buga kowanne kin saurara?

Injiniya: Na duba su da tocila ɗaya bayan ɗaya. Ba haƙorin da ya karye. Baffa, don girman Allah, rana tana tafiya. Wayar da ke bayan sitiyari, ja ce ko baƙa?

Baffa: Ina makullin ya shiga ne wai?

Injiniya: Yana wajen Baba. Muna gama ɗaure noti na ƙarshe ya taso, ya zare shi daga jikin mota ya jefa aljihu. Na roƙe shi, na durƙusa masa. Auta ya kai hannu, ya kwaɗe shi. Mutumin da ko kofi ba ya iya riƙewa, ka ga yadda ya damƙe aljihun nan. Mu muna wahala dominsa, shi ya hana mu.

Baffa: Ya taɓa yin haka?

Injiniya: Ai abin da ya kusa haukata ni ke nan. Tunda na baje kayan a tebur ya hana ni sakat. Ina juya baya sai ya shigo da cokalin shayi, ya ɗauki ƙarfe ya rataye a zare, ya yi ta ƙwanƙwasawa kamar yaro da wasa. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, ya kai kunne. In ya gaji ya sa wani a aljihu ya fita. In zo haɗawa in ga babu. Na yi ta rarrafe a ƙarƙashin tebur, ashe suna jikinsa.

Baffa: Alo... sake faɗa. Da cokali?

Injiniya: Cokalin shayi. Likita ya ce haka suke yi, tsince-tsince da ɓoye-ɓoye. Wata ma takalmi take sawa a firji.

Baffa: Da ya ɗauka, sai kika yi yaya?

Injiniya: In ya yi barcin rana in lallaɓa in zaro, in mayar tebur. Ya farka ya sake ɗauka. Da na ga zai kashe mini aiki sai na sa wa garejin kwaɗo ta ciki. Ya yi ta dukan ƙofa, Baffa. Ina ciki ina aiki ina kuka, yana waje yana duka. Amma ya zan yi?

Baffa: Abin da yake ɗauka, kullum daban ne, ko iri ɗaya?

Injiniya: Iri ɗaya. Ɗaya daga ƙananan giyoyin nan uku masu zagaye ta tsakiya, da fil ɗinta, da wani siririn zobe. Ko na cakuɗa su da sauran, su zai tsamo.

Baffa: Wane aljihu?

Injiniya: Na'am?

Baffa: Wane aljihu yake sa su? Dama ko hagu?

Injiniya: Baffa, ana maganar rai kana maganar aljihu?

Baffa: Ke! Ba ni amsa!

Injiniya: Hagu... Eh, hagu ne, don a gefen dama yake kwanciya, shi ya sa nake samun zarowa.

Baffa: La haula wa la ƙuwwata. Kuma su kika mayar cikin giyar?

Injiniya: To da me zan mayar? Baffa, mene ne? Ka tsorata ni.

Baffa: Zauna in kina tsaye. Tun muna samari a gareji, ubanki ba ya yarda da ido a kan ƙarfe. Yakan ce ido maƙaryaci ne, tsaga tana iya kwanciya a ciki ba ka gani. Sai ya rataye ƙarfe a waya ya buga masa sifana. Mai lafiya zai yi dogon kuka, tiiin. Mai tsaga zai ce tak, ya yi shiru. Duk wanda ya ce tak, ba ya ajiye shi a tebur, ba ya jefa shi a ƙasa, don kada wani ya tsinta ya mayar. Aljihun hagu yake sa shi. Sai an tashi aiki ya juye a rami. Mu a garejin, in an ce abu ya shiga hagun Yaya, to an yi masa sallah an binne.

Injiniya: A'a. A'a, Baffa.

Baffa: Ba ki tuna faɗan da marigayiya Ummanku take yi kan wandunansa?

Injiniya: Aljihun hagu... kullum shi ke hujewa. Na dama lafiya lau. Wayyo Allah, Baffa, a kansa na koyi riƙe allura! Umma ta gaji ta ce ke zo ki riƙa lallaɓa aljihun ubanki. Na yi masa faci ya fi a ƙirga, ban taɓa tambaya me ke huda shi ba.

Baffa: Ai lokacin ke sifana kawai kike miƙawa, wa zai gaya miki.

Injiniya: Ashe aiki yake taya ni. Ashe magana yake yi mini, ni kuwa na kulle shi a waje kamar akuya. Na ce masa Baba ka bari, ba wasa ba ne. Ni na ce wa Baba ba wasa ba ne!

Baffa: Ajiye kukan nan, za ki yi shi daga baya. Saurara. Ɓarɓashin nan biyu da kika gani a maganaɗisu, daga wani wuri suka ɓallo. Kalar fil ɗin fa? Fari ne tas?

Injiniya: Gefe ɗaya ya ɗan yi shuɗi-shuɗi. Na ɗauka tsufa ne.

Baffa: Wuta ya ci. Giyar nan ta taɓa gudu ba mai. Zoben kuwa shi ke hana komai zamewa.

Injiniya: To in mun bi a hankali fa? Zagaye ɗaya kawai, Baffa. Ya ji muryar injin, ya dawo ya ci ko loma uku ce. Gobe in sauke ta in sake.

Baffa: Giyar hutu ba ta shiga a hankali, ke ma kin sani. Sai mota ta miƙe da gudu. In ƙaramar giyar nan ta fashe a lokacin, gutsattsarinta za su cushe tsakanin haƙora, komai ya ƙulle. Tayoyin baya su tsaya cak kuna tsakiyar titi, manyan motoci a bayanku. Motar nan ko bel ɗin kujera ba ta da shi.

Injiniya: To ya kake so in yi? In ban fita da shi ba, gobe su ɗaure shi. In na fita da shi, in kashe shi. Baffa, gaya mini, wanne zan ɗauka? Kai ne ubana yanzu, gaya mini!

Baffa: Tsohuwar giyar da kuka cire tana nan?

Injiniya: Tana cikin buhu.

Baffa: Wataƙila nata ƙananan giyoyin sun tsira. A kwance, a gwada su.

Injiniya: Aikin kwana nawa ke nan? Likita gobe ya ce! Kuma ni ban san kukan ƙarfe ba, duk ɗaya nake jin su.

Baffa: Ni ma ta waya ba zan ji ba, da wannan kunnen. Amma akwai mai ji a gidan. Makullin, a wane aljihu ya sa shi?

Injiniya: ...Hagu.

Baffa: To kin ji hukuncinsa. Mutumin da ya manta sunan 'yarsa, bai manta ba a sa 'ya'ya a motar da... Mene ne wannan? Ƙarar me nake ji?

Injiniya: Inna lillahi! Inji ne! Auta ne, Baffa! Ya ce in na daɗe a waya zai gwada wayoyin da kansa!

Baffa: Hana shi! Ruga!

Injiniya: Auta! Auta, kashe! Wayyo takalmina... Auta!

Baffa: Alo? Kina ji na? Kada ya fita da ita! Alo!

Injiniya: Ya fito da ita daga gareji, ya buɗe get! Auta, don Allah tsaya!

Auta: Yaya, ta tashi! Kin ji ta kuwa? Bugu ɗaya! Kawo Baba mu tafi!

Injiniya: Kashe ta na ce!

Auta: In kashe? Bayan duk wahalar nan? Bari in kai ta babban titi in dawo, in ji ko giyar tana shiga. Ke dai shirya shi... Kai! Baba! Baba, matsa daga gaba!

Baffa: Me ya faru? Ke, yi mini magana! An taka shi?

Injiniya: A'a. Baffa, ya tashi da kansa. Tun da ya zare makullin nan ba ya iya tashi sai mun ɗaga shi, yanzu ga shi tsaye a gaban mota. Ya dafa bonet da hannu biyu.

Auta: Yaya, janye shi mana, zafi zai ƙona shi!

Injiniya: Kai dai cire ƙafarka daga totur. Raba wayoyin. Raba su, Auta, ko in fasa gilashin nan in raba da kaina!

Auta: To, to, ga shi. Na kashe. Wallahi gidan nan kowa ya haukace.

Baffa: Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Riƙe shi kada ya faɗi. Ga wata mata tana ce mini katinki ya kusa ƙarewa, ko ke take gaya wa?

Injiniya: Shiru, Baffa. Yana magana.

Baba: Wa ya haɗa wannan?

Injiniya: Ni ce, Baba.

Baba: Da fasasshiyar?

Injiniya: Da ita, Baba. Ban sani ba. Ka yafe mini, na kulle maka ƙofa.

Baba: Sau nawa zan cire? Sauke ta. Kai direba, kawo jak.

Auta: Ni ne direba? To, an kawo.

Baba: Injiniya.

Injiniya: Na'am... na'am, Baba!

Baba: Tsayuwar me kike yi? Share tebur. Ina cokalina?

Injiniya: Baffa, ka ji? Ka ji abin da ya kira ni?

Baffa: Na ji, da kurman kunnena na ji. Maza kwance buhun nan ki baje masa komai, ki ba shi kujerarsa. Cokalin kuma kada ki kai shi tsirara, ki haɗo da kwano. Yaya bai taɓa fara aiki da yunwa ba, in kin ajiye a gefen dama zai ci bai sani ba. Kada ki ce masa ci, ki dai ajiye.

Injiniya: To. To, Baffa. Auta, ɗauko buhun!

Baffa: Tsaya, 'yata, kafin ya koma. Sa masa wayar a kunne. Ce masa ƙaninsa ne, wanda ke riƙe masa fitila a ƙarƙashin mota. Ko sallama ce ya amsa mini. Yaya? Yaya, ni ne, ka gane mur...